Fada Slattery da ƙwallon makarantun mishan na Legas

Duk wanda ke kukan lalacewar ƙwallon ƙafa a Najeriya, ya fara da leƙa Akoka a Legas. A can ne Fada Denis Slattery, limamin Katolika ɗan ƙasar Ailan, ya kafa Kwalejin St. Finbarr's a 1956. Mutumin nan alƙalin wasa ne, ya kuma taɓa shugabantar hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, don haka bai ɗauki filin wasa a matsayin wurin ɓata lokaci ba. Yaro ya fito daga aji, ya ɗaure takalmi, malami na tsaye da usur a baki. Daga wannan makaranta Henry Nwosu ya fito, wanda ya ci kofin Afirka a 1980 yana matashi. Haka Samson Siasia, haka marigayi Stephen Keshi, da ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin a 1994, ya sake cin sa yana koci a 2013.

Ga kuma tsohuwar kishiyar St. Finbarr's, wato St. Gregory's ta Obalende, wadda ta girme ta, don tun 1928 take. Ranar da suka haɗu a gasar Principal's Cup, gari kan ɗauka.

Gwamnati ta ƙwace makarantun mishan a shekarun 1970, sai a 2001 Legas ta mayar wa masu su. Amma da yawa daga makarantun kuɗi na yanzu, kash, a gidajen haya suke. Kuɗin zango ya kai maƙura, farfajiyar kuwa ko motar mai makarantar da ƙyar take juyawa, balle yara ashirin da biyu su buga ƙwallo.