Kowace Gaɓar Teku Da Irin Ambaliyarta

Ran nan wani falke da ke safarar goro ya ce mini ya ga ganuwar da aka yi wa teku a Ikko, shi a ganinsa duk ƙasar da ke bakin teku ta yi irinta, a huta. Na ce masa a'a. Ga dalilina.

Kowane manomi ya sani ruwan sama ɗaya ne ke sauka a jigawa da fadama, amma fadama ke nutsewa. To, haka teku take. Sau biyu a yini takan ciko ta janye saboda jan wata. A Ikko cikowar ba ta wuce kamar ƙafa 3, amma a wani lungun teku na Kanada da ake kira Fandi takan kai ƙafa 50. Sa'an nan ga iska. Ka hura ruwa a faranti, sai ya taru gefe guda ya zube. Ka hura na tulu, da ƙyar zai motsa. Watau inda teku ba ta da zurfi, iska takan tura ruwa ya hau tudu. In abin ya gamu da lokacin cikowa, sai ta'adi.

Dubi Bangaladash. Tekunsu ba zurfi, ga ta da siffar mazurari, ƙasar kuwa shimfiɗaɗɗiyar fadamar shinkafa ce. Cikin Nuwamba 1970 guguwa ta koro ruwa cikin dare, mutum wajen 300,000 suka halaka. Bayan haka suka gina ɗakunan mafaka a kan dogayen ginshiƙai, suka horar da masu shela ƙauye ƙauye. Da wata babbar guguwa ta zo a 2007, waɗanda hukuma ta ƙidaya sun mutu ba su kai 5,000 ba.

Holan kuwa wani ɓangarenta ma yana ƙasa da teku. Daren 31 ga Janairu 1953 iskar arewa ta gamu da babbar cikowa, ruwa ya fasa madatsai, ya ci mutum fiye da 1,800 da dubban dabbobi. Abin da zai fi taɓa zuciyar manomi shi ne gishiri. Ambaliyar kogi takan bar taki, ta teku kuwa gishiri take bari, gona ta yi shekaru ba ta ba da abin kirki ba. Su da yake ba su da tudun da za su gudu, ga su da dukiya, sai suka toshe bakunan kogunansu da manyan madatsai.

Mu fa? Allah ya yi mana sauƙi, irin wannan guguwa ba ta tashi a tekunmu, gama muna kusa da tsakiyar duniya. Hadarin nan da ke zo mana daga gabas, sai ya wuce yamma can cikin teku kafin wani lokaci ya zama guguwar da ke faɗa wa Amurka. Ciwonmu daban ne: raƙuman ruwa ne ke cin gaɓa sannu a hankali. A Ikko, katangun duwatsu da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa daga 1908 sun tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, gaɓar gabas ta yi ta zaizayewa. Garin Ayetoro na jihar Ondo da Keta ta Gana, teku ta cinye musu gidaje masu yawa.

Saboda haka nake cewa maganin wani ba lalle ya zama naka ba. Ganuwa tana tsare unguwar masu kuɗi, amma wa zai kewaye gaɓar mil 500 da ita? Abin da ya kamace mu shi ne a riƙa auna teku kullum kamar yadda muke auna ruwan sama a gonar gwaji, a hana haƙar yashi barkatai, a bar itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, domin su ke karya ƙarfin ruwa.

Kada wani ya ce ina ruwan mai gero da teku. Kifi da manja da kayan jirgi ta can suke zuwa mana, in gaɓa ta lalace za mu ji a kasuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.