TARANSISTA DA KUƊIN CAJI: KIRA GA ABUJA

Duk wanda ya manyanta zai tuna da rediyon taransista, wanda ya kori manyan akwatunan nan masu ɗaukar zafi, ya ba talaka damar jin labaran duniya da 'yan batura kaɗan. A shekarar 1947 aka ƙirƙiro taransista a Amurka. Aikinta kuwa irin na makunnin lantarki ne: ta buɗe wa wuta hanya, ta rufe. Da irinta ake gina ƙwaƙwalwar kwamfuta da ta wayar hannu. A 1971 kamfanin Intel ya jera guda 2,300 a ƙwaƙwalwa ɗaya. A 2020 kamfanin Apple ya jera biliyan 16.

To, amma wajen 2005 sai masana suka ci karo da cikas. Da taransista ta ƙanƙance ƙwarai, sai wuta ta riƙa yoyo ko da an rufe ƙofa, na'ura ta yi zafi, batir ya ƙare a banza. A 2011 Intel ya sake fasali, ƙofar ta rungumi hanyar wuta ta gefe uku. A 2022 Samsung na Koriya ta Kudu ya fara ƙera wadda ƙofarta ta kewaye hanyar baki ɗaya. Amfanin wannan shi ne aiki mai yawa da wuta kaɗan.

Kada a ɗauka wannan zancen Turawa ne kurum. Ɗan Arewa mai neman abinci a Agege, ko Mile 12, ko Sabon Ibadan, wayarsa ita ce bankinsa, ita ce wasiƙarsa zuwa gida. Idan aka ɗauke wuta, sai ya biya mai caji, mai caji kuma ya sayi fetur. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, kuma hukumar NERC ta kai kuɗin wuta na rukunin A naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, na'ura mai zarin wuta ta zama rami a aljihu.

Alhali kuwa tsofaffin kwamfutoci na gwanjo, waɗanda masu su suka yar, suna ta shigowa ta Apapa zuwa kasuwannin Alaba da Ikeja. Mai saye yana murnar araha, bai san araha ba ta ado ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomin Abuja su tashi tsaye. Hukumar NESREA ta tsananta binciken kayan lantarki na gwanjo. Hukumar SON ta tilasta a rubuta wa kowace na'ura yawan wutar da take sha, yadda mai saye zai gane. Ma'aikatun gwamnati su fara da kansu wajen sayen masu tsimin wuta.

Ba wanda ya ce Nijeriya ta ja da Taiwan gobe, domin masana'antar ƙera waɗannan ƙwaƙwalen tana cin dala biliyoyi. Amma hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992, kuma ta gina masana'antar faifan hasken rana a Karshi, tana iya koya wa samari zanen ƙwaƙwalwa da gyaran na'ura. Ƙaramin faifan rana da waya mai tsimin wuta sun isa su raba talaka da layin caji. Allah Ya sa masu iko su ji.