Ba Kullum Ne Gigin Tsufa Ba

'Yan uwana ɗalibai, a gidajenmu idan tsoho ya fara jan ƙafa, yana manta inda ya ajiye carbinsa, fitsari yana kufce masa kafin ya kai bayan gida, hukunci ɗaya muke yankewa: gigin tsufa ne. Sai a shimfiɗa masa tabarma a ɗaki, a daina fita da shi. A wani gidan ma a ce sammu ne. Ni a ganina wannan gaggawar tana cutar da wasu tsofaffin da ciwonsu yake da magani.

Akwai wani ruwa garai-garai da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka. Jiki yana samar da kusan rabin lita a kullum, yana kuma tsotse shi, shi ya sa abin da ke nan a lokaci guda kamar mililita 150 ne kawai. Idan tsotsewar ta ragu, sai ruwan ya taru a kogunan da ke cikin ƙwaƙwalwa, su buɗe, su danne ta. A jariri kowa yana gani, domin kan ne ke ƙara girma. Babba kuwa ƙashin kansa ya riga ya haɗe, ido ba ya ganin komai.

A 1965 wani likita ɗan Kolombiya, Salomon Hakim, da abokan aikinsa suka wallafa bayanin wannan nau'i da alamunsa uku: lalacewar tafiya, mantuwa, da kasa riƙe fitsari. Yawanci tafiyar ce ke farawa. Taku ya gajarce, ƙafafu a ware, kamar an manna tafinsu da ƙasa.

To yaya ake ganewa? Da farko hoton kai, CT ko MRI. Amma hoto kaɗai bai isa ba, don ƙwaƙwalwar tsoho tana motsewa ko babu wannan ciwo. Sai likita ya sa allura a ƙasan gadon baya, ya zuƙe mililita 30 zuwa 50, a gwada tafiyar mutum kafin zuƙa da bayanta. Idan taku ya gyaru, alama ce aiki zai yi amfani: a sa siririn bututu daga kai, ta ƙarƙashin fata, ya riƙa zubar da ruwan a ciki.

Wani zai ce hoton da tsada, kuma yawancin masu mantuwa ba wannan ke damunsu ba. Gaskiya ne. Amma ganin likita na farko bai kai kuɗin hoto ba, kuma jinkiri yana rage amfanin aikin.

Mu ne ke kai wa Kaka abinci, mu ke riƙe masa hannu zuwa masallaci. Mu rubuta watan da tafiyar ta sauya, mu ɗauki bidiyonta a waya da izininsa, mu nuna wa iyayenmu. Idan ya taɓa yin sanƙarau ko ya bugu a kai, a tabbata an faɗa wa likita.