Idan Ɗanki Ya Ce Zombi Sun Cika Masa Kwamfuta

Yau za mu ajiye zancen rigakafi da abincin yaye, mu leƙa kwamfutar ɗalibanmu. Da yawa cikinku sai da kuka kwashi adashe kafin kuka saya wa yaro ita, don yana karatun ilimin kwamfuta. Irin waɗannan yaran kan yi aiki da Linux, a kan baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni. Wasu ma a waya suke yi da manhajar Termux, tunda Android kanta a kan Linux aka gina ta. Wata rana zai zo miki hankali a tashe ya ce, "Umma, zombi sun cika min kwamfuta," kafin ki ankara wani mai gyara ya ce sai an goge komai. Kada ki fitar da ko sisi tukuna.

Duk aikin da kwamfuta ke gudanarwa yana da lambarsa, kuma wani aikin ne ya haife shi, kamar uwa da ɗa. Idan ɗan ya kammala, yakan bar ɗan rahoto cewa ya yi nasara ko ya gaza, kuma sai uwar ta karɓi rahoton za a goge sunansa. Mu ma'aikatan jinya mun san wannan sarai. An sallami majinyaci, ya tattara kayansa ya tafi gida, gadonsa ba kowa, amma sunansa na nan a rajista saboda wadda ke kan aiki ba ta sa hannu ba. To wannan sunan da ya saura shi ne zombi. Ba ya cin abinci, ba ya shan magani, layi ɗaya kawai ya tare. Sunan ne ke da ban tsoro, an aro shi daga labaran mutanen Haiti na gawar da ke yawo, amma ba ƙwayar cutar kwamfuta ba ce.

Ki ce wa yaron ya rubuta top, a layi na biyu zai ga adadinsu. Sannan ya rubuta ps -eo pid,ppid,stat,cmd ya nemi masu harafin Z. Lambar farko ta zombin ce, ta biyu ta uwarsa. Yara kan ɓata awa guda suna jefa masa kill -9, alhali wanda ya riga ya mutu ba ya kasuwa. Uwar za a nema. Ya fara tuna mata da kill -s SIGCHLD haɗe da lambarta. Gaskiya sau da yawa ba ta kulawa. In ta ƙi, ya adana aikinsa tukuna, sannan ya rufe manhajar da ta haife su. Da zarar ta tafi, aiki mai lamba 1, wanda a Ubuntu ake kira systemd, zai karɓi marayun ya goge sunayensu. Shi wannan mai lamba 1 ba a taɓa shi.

Zombi biyu ko uku ba abin hana barci ba ne. Matsala tana zuwa ne idan suna ta ƙaruwa, domin lambobin suna da iyaka, 32768 a kan na'urori da dama, kuma in sun ƙare ba wani sabon aiki da zai tashi. In yaron ne ya rubuta manhajar da kansa, a yaren C misali, to galibi ya sa fork ya manta da wait, gyaran layi ɗaya ne.

Amma fa in kwamfutar tana nauyi, a daina zargin zombi, a duba wanda ke saman jeri a top. Harafin da ya fi damuna shi ne D, wato aikin da ya maƙale yana jiran ma'ajiyar na'ura ta amsa. In ya daɗe a haka, mai yiwuwa ma'ajiyar ce ta fara lalacewa. A ranar ya kwashe aikin makarantarsa zuwa filashi, sannan a nemi mai gyara.