Mawaƙin Zamani: Intanet Ta Ba Shi Suna, Wa Zai Ba Shi Tuwo?

'Yan'uwana ɗalibai, a duk lokacin da muka shiga darasin waƙar baka mukan ji yadda makaɗan da suka gabata suka rayu. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna da iyayen gida a fada, masu ba su riga da doki da hatsi. Shi kuwa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, attajirai da sarakuna ne suka yi ta yi masa kyautar kuɗi da motoci. To, mawaƙin yau da ba shi da ubangida sai wayar hannu, da me zai ci abinci?

Mutane da yawa suna ganin intanet ta gama masa komai. A nawa ra'ayin, suna kawai ta ba shi. Gaskiya ne yanzu yaro zai iya rera waƙa a ƙaramin situdiyo ya ɗora ta a YouTube ko Audiomack ba tare da ya roƙi 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga masa faifai ba. Haka waƙar Hamisu Breaker, "Jarumar Mata", ta game gidaje a 2020. Amma kuɗin fa? Kamfanin Spotify, wanda ya shigo Nijeriya a 2021, ya ce ya biya mawaƙan ƙasar nan sama da naira biliyan 58 a 2024. Sai dai yawan saurare ne ke kawo kaso, kuma tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba, ba ta samun ko kwabo.

Mu dubi masu sauraren waƙar Hausa a nan Jabi: direbobi da kwandastoci a tasha, masu shayi, masu gadi. Yawancinsu tura musu waƙa ake yi a waya, ko su karɓa ta WhatsApp. Mai turawa ya samu na cefane, mai waƙa ko sisi bai gani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa har gobe mawaƙi ya dogara ga gidan biki da 'yan siyasa. Liƙin biki kuwa dokar Babban Banki ta 2007 ta hana shi, har an ɗaure wasu a kansa a 2024. Waƙar siyasa kuma tana da tsada, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mawaƙin da ɗan takara ke ciyarwa ba zai iya faɗa masa gaskiya ba.

Wannan ya shafe mu. Ni Hausa ba harshen gidanmu ba ce, kuma kalmomi da karin magana masu yawa a bakin mawaƙa na tsince su. Idan waƙa ta kasa ciyar da mai ita, masu basira za su bar ta, harshen ne kuma zai yi asara.

Saboda haka ina kira ga mawaƙa su san haƙƙinsu. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, hukumar da ke kula da ita kuma tana nan Abuja. Kada su sa hannu a takardar da ba su fahimta ba. Mu ɗaliban harshe kuwa, fassara wannan doka zuwa Hausa mai sauƙi aikinmu ne. Sannan in muna son waƙa, mu saurare ta a shafin mai ita, mu sayi tikitin wasansa. Allah Ya sa mu gyara.