Ƙasar gona ce ke kashe muku bishiyar tukunya

1/ Masu ganin bonsai a TikTok suna cewa sai a Japan, ku matso. Ana iya yin sa a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Abin da ke kashe shi a wajenmu ƙasar da muke zubawa a tukunya ce. 🧵

2/ Bonsai bishiya ce ta gaske da ake raino a ƙaramar tukunya, ana datse rassa da saiwa don kar ta yi girma. Daga Sin aka faro, Japanawa suka ƙware a kai.

3/ Yawanci mutum zai ɗebo ƙasar gona ya danna a tukunya. A gona ruwa yana da inda zai nutse. A tukunya kuwa ƙasar takan dunƙule, ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Ganye ya yi rawaya, sai a ƙara ruwa. Shi ke nan an gama da ita.

4/ 'Yan Ƙanƙara, farar ƙasar nan da muke alfahari da ita laka ce mai riƙe ruwa. Kar ta shiga tukunyarku. Faskari da Sabuwa kuma, ruwan Agusta kaɗai ya isa ya nutsar da saiwa a ƙasar da ba ta tsanewa.

5/ Japanawa suna amfani da akadama, wata laka mai ƙwaya-ƙwaya, su haɗa da duwatsu masu ramuka. Wai sai an yi odarta? Haba. A wannan tsadar dala? Aikinta kawai muke nema: ta riƙe danshi, ta bar iska.

6/ Haɗin da nake ba da shawara:
• kashi 2 yashin rafi mai kauri
• kashi 1 dakakken jan bulo ko fasasshiyar tukunyar ƙasa
• kashi 1 takin shanu da ya ruɓe sosai
• ɗan gawayi
A tankaɗe da rariya, a zubar da garin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa fa.

7/ Gwaji: tukunya ta zama da huji a gindi. Zuba ruwa. In ya fita nan take, ka dace. In ya kwanta a sama, ƙara yashi.

8/ Kuka tana ajiye ruwa a jikinta, don haka ƙara mata yashi, kuma ka rage ban ruwa idan ta zubar da ganye da rani. Ceɗiya da durumi sun fi son danshi, reshe ma in ka dasa yana kamawa. Tsamiya daga ƙwallo.

9/ Wani zai ce haɗin nan yana saurin bushewa a zafin Afrilu. Gaskiya ne, sai an dinga ban ruwa safe da yamma, a sa ta inuwa da tsakar rana. Amma ƙishi ana ganinsa a ganye a gyara. Ruɓewar saiwa ba ka sani sai ta gama ɓarna.

10/ Don Allah kar wanda ya shiga daji tono bishiya. Kun san halin tsaro a yankinmu, ga masu gawayi sun rage mana itatuwa. Ƙwallon tsamiya da reshen ceɗiya suna cikin gari, kyauta. Wanda ya gwada ya turo hoto.