SHARHI: Darasin gidan ibadar 'yan Sikh ga baƙon kasuwa

Duk falken da ya zauna a ƙasar da ba tasa ba ya san cewa takardar izinin zama ba ita kaɗai ke sa 'yan gari su karɓi baƙo ba. Akwai abin koyi kan wannan batu a wurin 'yan Sikh, mutanen nan masu rawani da suka fito daga yankin Punjab na Indiya da Pakistan, mabiya Guru Nanak da aka haifa a 1469. Duk garin da suka sauka sukan gina gidan ibadarsu da suke kira gurdwara, kuma tsarin ginin ne ke saya musu wurin zama.

Babban gidansu na birnin Amritsar yana da ƙofofi huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, alamar cewa ba a hana kowa shiga. A ƙasashen waje ma gurdwara ba ta cika sai da abubuwa uku: doguwar tuta da ake hangowa daga nesa, zauren ibada, da kuma ɗakin girki da wurin cin abinci kyauta, wanda suke kira langar. Mai shiga zai cire takalmi ya rufe kansa, sannan ya zauna a ƙasa, attajiri kusa da ɗan dako. Ba a sa nama a abincin, saboda haka mai kowane addini zai iya ci.

Misali mafi kusa da mu yana Kenya. Wasu 'yan Sikh sun zo aikin shimfiɗa layin dogo da Turawan Ingila suka fara daga Mombasa a 1896, kuma a 1926 suka gina gurdwara a garin Makindu, kan hanyar Mombasa zuwa Nairobi. Har yau direbobi da matafiya na yada zango a nan, su ci su kwana ba a tambaye su addini ko ƙabila ba. Haka a Dubai, inda 'yan kasuwarmu ke zuwa sari, an buɗe gurdwara a Jebel Ali a 2012 a kan filin da sarkin Dubai ya bayar, kuma sukan shirya wa Musulmi buɗa-baki da azumi.

To, mai karatu zai ga cewa wannan ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Zangunan Kumasi da Akara da Sabon Ibadan a kan haka suka kafu: maigida ya sauki falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki. Njamena kanta, tun tana Fort-Lamy kafin a sauya mata suna a 1973, mashiga ce ta alhazan ƙasa masu nufin Sudan da Makka, kuma da yawansu a gidajen mutane suka kwana. Matsalar ita ce wannan al'ada ta dogara da mutum ɗaya, idan maigida ya rasu ko ya karye sai ƙofa ta rufe. Su kuwa 'yan Sikh sun sa ta cikin tubalin gini da asusun jama'a.

Gaskiya ne buɗaɗɗiyar ƙofa tana da haɗari. A watan Agustan 2012 wani ɗan bindiga ya kashe mutum shida a gurdwarar Oak Creek da ke Amurka, kuma a nan Njamena ba a manta da harin ƙunar-baƙin-wake na watan Yulin 2015 a ƙofar babbar kasuwa ba. Amma 'yan Oak Creek sun sake buɗe gidansu cikin 'yan kwanaki, domin sun san baƙon da ya kulle kansa shi ne aka fi zargi. Idan kuma ba a manta ba, a Fabrairun 2008 dubban mutanen Njamena sun tsallaka gada zuwa Kuseri suna gudun yaƙi, ɗan gari ya wayi gari baƙo.

Don haka shawara ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Njamena da Kuseri da Fotokol da Gamboru: idan an tara kuɗin gina masallacin kasuwa, kafin a yi maganar tsayin hasumiya a ware wurin famfo a wajen katanga, da makewayi, da ɗakin girki, da ɗakin saukar baƙi, sannan a sa kwamiti mai bayyana lissafi duk wata. Wanda ya sha ruwanka yau, da wuya ya ɗauki dutse a kanka gobe. Masu iya magana sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.